Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Korona Ta Raba Mu da Aikinmu

A makon jiya na tsaya ne inda aka mayar da ni sashen cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, aka damƙa min aikin da mutane da yawa ba su ma san ana yinsa ba. Idan gwaji ya nuna mutum yana da ciwon sanyi, ko tunjere, ko ƙanjamau, ni ce mai zama da shi mu lissafo waɗanda ya kwanta da su, mu san yadda za a yi su zo a duba su.

Wani yakan ce shi zai faɗa da bakinsa, sai in ba shi katin kira zuwa asibiti ya kai musu. Wani ya ce wallahi ba zai iya ba, sai ni in nemi mutumin, ba tare da na ambaci sunan wanda ya turo ni ba. Wani kuma mu yi alkawari: ga kwanaki kaza na ba ka, in ba su zo ba, zan neme su da kaina. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ƙanjamau wannan taimako, amma da yardarsu, ba da tilas ba. A ciwon sanyi mukan koma baya kwana 60 wajen lissafo waɗanda ya kwanta da su. A tunjere kuwa daga wata uku har shekara guda, ya danganta da inda cutar ta kai.

Suna ba ya fitowa da sauƙi. Sai ka zauna, ka rufe ƙofa, ka bar mutum ya yi kukansa ko fushinsa, ya kalli idonka ya tabbatar ba za ka tona masa asiri ba. Wani sai a zuwa na biyu yake buɗe baki.

Ranar 11 ga Maris, 2020, aka ayyana korona a matsayin annobar duniya. Ba a jima ba aka kira mu aka ce ana buƙatarmu a bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu korona, tunda mu ne muka iya bin sawu. Ban ja ba, mutane suna mutuwa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a ƙasashe da dama ma'aikatan irin sashenmu aka fara kwasa. Abin da ya ci min rai shi ne babu wanda ya tambayi wa zai riƙe abin da muka bari. Na'urar da ke gwada mana ciwon sanyi da kilamidiya, wata cutar da ita ma ake ɗauka ta jima'i, ita ce irin wadda ake buƙata a gwajin korona, sai layinmu ya koma baya. Tsinken ɗaukar samfuri ya yi wuya. Muka koma ba da magani bisa alamun da mutum ya zo da su. To, wanda muke nema ai shi ne wanda ba ya jin komai. Mata da yawa suna ɗauke da kilamidiya ba wata alama, har ta lalata musu bututun mahaifa.

Aka ce mu riƙa neman abokan kwanciyar marasa lafiyarmu ta waya. A lokacin kulle kowa yana gida, miji da mata da yara a ɗaki ɗaya, wani gidan wayar ma guda ce. Ina kira, na san akwai kunne a gefe. Sai in ce daga asibiti ne, akwai maganar lafiya, yaushe zan same ka kai kaɗai? Nan take a ɗauka korona ce, a firgita, a kashe waya. Mace kuma da take tsoron duka, da can takan samu hanyar fita ta zo mu yi magana. Yanzu tana kulle da wanda take tsoro. Irin wannan ba na matsa mata, domin ranta ya fi min sunan da zan rubuta a littafi.

Alƙaluma suka faɗi ƙasa, wasu suna murna wai kulle ya rage cututtukan. Ni ban yi murna ba. Gyambon farko na tunjere ba ya ciwo, kuma yakan warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali cutar ta shige jini. A kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020 ɗin nan an samu sabbin kamuwa miliyan 374 na cututtukan jima'i huɗu masu warkewa: ciwon sanyi, tunjere, kilamidiya da tirikomonas. A Amurka, mai ɗimbin kayan aiki, jarirai fiye da 3,700 aka haifa da tunjere a 2022, ninki goma na 2012. Hauhawar ta fara tun kafin korona, amma annobar ta janye hannayen da ke tare ta.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Tana da ciki, aka gano tunjere a wurin awo, aka yi mata allurar penisilin. Abokiyar aikina da aka bari ita kaɗai a sashen ta ba ta kati ta kai wa maigidanta. Da a ce lokacin da muke cikakku ne, da mun bibiya cikin mako biyu. Babu wanda ya samu sarari. Sai da cikin ya tsufa aka sake gwada jininta, aka ga cutar ta dawo. Yi wa mace magani a bar mijinta, zuba ruwa ne a rariya.

Na baro aikin korona da yamma na same ta.

"Ƙanwata, kin ba shi katin kuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Anti, yana cikin jakata har yau. Kullum yana gida, aikinsa ya tsaya, ransa a ɓace. In na faɗa, cewa zai yi ni na kawo."

"To ki bar min. Ba zan ce ke kika turo ni ba, ba kuma zan tambayi wa ya kawo ba. Zan ce lafiyar abin da ke cikinki ce ta sa muke son jinin uba da na uwa. Kin yarda?"

Ta daɗe kafin ta ce, "Na yarda, Anti."

Ya zo, yana huci, takunkumi a fuska, ba na ganin komai sai idanunsa. Aka yi masa allura, aka sake yi mata. Jaririn ya zo da rai, amma sai da ya kwana goma a asibiti ana yi masa penisilin ta jijiya, a lokacin da ba a barin kowa shiga dubiya.

Bayan wannan ne na je wurin shugabar sashenmu da wata buƙata: a ba mu izinin ba mai ciwon sanyi ko kilamidiya magani ya kai wa abokin kwanciyarsa gida, kamar yadda wasu ƙasashe suke yi. Tunjere ba ta shiga ciki, domin ita sai allura. Yadda muka kwashe da ita a kan wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.