Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin lafiyar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, Baba ya samu sauƙi har ya koma rumfarsa a babbar kasuwa. A madadin iyalinsa na nan unguwar Ali Ɗan Sofo nake wannan godiya.

Godiyar farko ta Inna ce. Kowa a gidan ya san munsharin Baba, wasu ma cewa suke barcin mai gajiya ne. Ita ce ta lura cewa munsharin yakan yanke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Da safe ciwon kai, da rana gyangyaɗi ko ana cikin ciniki, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Inna, Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai likitan da ya ga Baba a nan Maradi, wanda bai tsaya ga ƙarin ƙwayoyi ba, ya tambayi yadda yake barci, ya tura mu Yamai gwajin barci. Can aka kwana da shi da na'ura: ɗan tiyo a hanci, ɗamara a ƙirji, wani abu a yatsa mai auna iskar oksijin a jini. Aka yi mana bayani cewa naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nauyi, hanyar iska ta tsuke. Wani lokaci numfashin ya tsaya gaba ɗaya, wani lokaci ya ragu ya zama sama-sama, kuma duk wanda ya kai sakan 10 ana ƙirga shi. Daga sau 5 a awa ɗaya an shiga ciwo, daga 30 ya yi tsanani. Na Baba ya haura 30, kuma shi ke ta da hawan jinin. Wallahi da na ji haka jikina ya yi sanyi, don irin wannan yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Maganin ciwon shi ne na'urar CPAP, mai tura iska a hankali ta takunkumin hanci don kada maƙogwaron ya rufe. Tana da tsada. Kawu da 'yan uwanmu na Tibiri da Madarunfa, da maƙwabtan rumfar Baba, ku kuka haɗa kuɗinta ba mu roƙa ba. Allah ya ƙara buɗi. Ƙanenmu mai aikin sola ya haɗa mata batir, ko wuta ta ɗauke cikin dare ba ta tsayawa.

Da farko takunkumin ya dami Baba, yanzu ya saba. An ce ya rage ƙiba, ya riƙa kwanciya ta gefe, ya guji maganin barci, kuma yana bi. Masu zuwa dubiya da masu kiran waya da limaminmu da ya sa shi a addu'a, mun gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.