Kofin Shayi Shi Ne Allon Talla: Abin da Zayyanar Tambari da Mazubi Ke Koya wa Mai Yi

Wanda ya zo buɗe shagon shayi don matasa kusan kullum da maganar tambari yake fara sallama. Yana son zane mai kyau da zai ɗora a Instagram tun kafin a shafa fenti a bango. Amma aikin nan yana koya wa mai yinsa cewa a hannun mai saye tambari yake rayuwa, a jikin kofi mai zafi, da daddare, ƙarƙashin fitilar shago, yatsu huɗu sun rufe rabinsa. Duk zanen da bai jure wannan ba, kyansa a fuskar kwamfuta ya tsaya.

Saboda haka a fara da zama a teburin mai shayi kafin a buɗe kwamfuta. Matashin Kano, Zariya ko Maraɗi ba baƙon shayi ba ne. Ya san haɗin kauri, ya san ruwan bunu, ya san ƙamshin citta da kanumfari, ya san yadda mai shayi ke sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. A Nijar kuma ga shayin Buzaye, ƙaramar buta a kan gawayi, ana zagaye uku ana hira. Abin da sabon shago zai ƙara masa shi ne tsabta, wurin zama, wutar cajin waya, da kofin da ba zai ji kunyar ɗauka a hoto ba. Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne kwaso kamannin shagunan Landan ko Dubai gaba ɗaya, da sunan Turanci mai tsawo da ganyen shayi kore a tsakiyar da'ira. Irin wannan tambarin ya yi yawa har ba a bambance na wani da na wani, kuma yana raɗa wa matashi cewa kuɗin wurin ya fi aljihunsa tun bai tambayi farashi ba. Buta, zaren shayi yana sauka daga sama lokacin sheƙawa, ko layukan zanen da ke jikin soron gargajiya, duk sun fi kusa da zuciyarsa, muddin an rage su zuwa 'yan layuka masu kauri.

Suna kuwa a gwada shi da baki. Gaɓa biyu ko uku ya isa, wanda za a ce "mu haɗu a wuri kaza" ba tare da harshe ya harɗe ba. Kafin a kashe ko sisi a ɗab'i, a bincika ko wani ya riga ya yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, a kuma tuna cewa rajistar sunan kasuwanci daban take da rajistar tambari. Ita ta biyun tana da rukunai: ganyen shayi da ake sayarwa a ƙunshe yana rukuni na 30, hidimar shagon sha da ci tana rukuni na 43. Mai niyyar yin duka biyun ya nemi duka biyun.

Akwai wata matsala tamu ta masu rubutun Hausa da mai zane bai kamata ya wuce ta ba. Yawancin salon haruffa masu ƙayatarwa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Idan ka rubuta "ɗanɗano" ko "ƙamshi", kwamfuta sai ta aro waɗannan haruffan daga wani salon, su fito sirara a tsakiyar masu kauri, ko ta saka akwatin da babu komai a ciki. Wasu sai su haƙura su cire ƙugiyar, alhali ƙugiyar ce ke raba "ƙofa" da "kofa", "ɗaki" da "daki". A gwada salon da waɗannan haruffa, manya da ƙanana, tun ranar farko. Noto Sans da Andika suna da su cikakku. In kuma dole sai wani salon, a zana ƙugiyar da hannu ta dace da kaurin sauran. Kafin a tura wa maɗaba'a, a mayar da duk rubutun ya zama zane, domin kwamfutarsu ba lallai tana da salon naka ba. Wani abin kuma: rubutun ajami yana yi wa kofi kyau ƙwarai, amma kofin takarda a kwandon shara ko a kwata yake ƙarewa. Kada sunan Allah, aya ko addu'a su hau shi, ko da bisimilla ce. Ko kalmar yau da kullum ce aka rubuta da ajami, sai an yi tunani, don mai gani daga nesa ba zai tsaya karantawa ba kafin ransa ya ɓaci.

Launi biyu sun wadatar, uku in an matsa. Dalilin kuɗi ne da kuma inganci: a injin buga kofuna kowane launi da farantinsa, kowane faranti da kuɗinsa, kuma yawan launuka na ƙara yiwuwar su goce wa juna, gefen rubutu ya yi inuwa. Launin da ke fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce. Shi ya sa kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli suke dusashewa idan an buga. A yi aikin a tsarin CMYK, wato tsarin launukan tawadar ɗab'i, tun farko, a ba maɗaba'a lambar Pantone, wadda ke tantance ainihin launin da ake so, in suna aiki da ita, sannan a nemi samfuri a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita. Takarda mai ruwan ƙasa, wadda matasa ke so saboda kamanninta na gargajiya, tana shanye launi. Rawaya a kanta ɓacewa take, ja ya koma kamar jar ƙasa, fari kuwa ba ya fita sam sai in injin yana da farar tawada ta musamman. Baƙi da kore mai duhu ne suka fi zama a kanta.

Kofin kansa ya fi komai cin lokaci. Girman da aka fi samu su ne oz 8, wato kusan mililita 240, da oz 12, kusan mililita 350, da oz 16, kusan mililita 470. Na oz 8 yawanci murfin milimita 80 yake ɗauka, na 12 da na 16 kuma sukan yi tarayya a murfin milimita 90. Wanda ya zaɓi 12 da 16 ya huta da ajiye murfi iri biyu, kuma yaron shago ba zai riƙa lalube ba lokacin da layi ya yi tsawo bayan isha'i. Sai dai a sayi kofi da murfi daga hannu ɗaya, domin bambancin milimita ɗaya a bakin kofi ya isa ya sa shayi ya ɗiga wa mutum a farar shadda. A duba ɗan hujin iska da ke saman murfin. In a toshe yake, shayi ba ya sauka daidai, sai ya riƙa zuwa a guje yana tsayawa. Kofi mai bango ɗaya ba ya riƙuwa da shayin da ya fito daga tafasa. Ko dai a sayi mai bango biyu, ko a sa masa ɗamarar kwali. In za a sa ɗamara, to tambarin kan ɗamarar zai hau, tunda ita za ta rufe tsakiyar kofin. Sau da yawa ana biyan kuɗin buga kofi mai kyau, sannan a lulluɓe shi da ɗamara marar rubutu.

Idan aka warware kofi aka shimfiɗa, ba murabba'i ba ne, kamar mafici yake, sama ya fi ƙasa faɗi. Rubutun da aka jera a miƙe a kan wannan shimfiɗar zai fito a karkace idan an naɗe kofin. Dole a karɓi taswirar yanka daga kamfanin da zai buga, ta ainihin girman kofin, a lanƙwasa zanen ya bi ta. A bar rarar launi milimita 3 bayan layin yanka don kada farin gefe ya leƙo, a kauce wa wurin haɗin da ake liƙewa, a kuma nisanta rubutu daga baki da gindi, inda takardar ke naɗewa. A sa tambarin a ɓangarori biyu, don duk yadda aka riƙe kofin ɗaya yana waje. Gwajin da ba ya cin kuɗi shi ne a buga a takardar ofis, a yanke da almakashi, a naɗa a kofi, a riƙe, a ɗauki hoto da waya mai araha da daddare. Ƙananan rubutun da tsayinsu bai kai milimita 2 ba nan take za a ga sun narke.

Kamfanonin buga kofi ba sa karɓar aiki kaɗan, dubbai suke so, kuma sabon shago bai san ko jerin abin shansa zai canza bayan wata uku ba. Farin kofi da sitika, ko ɗamarar kwali da hatimin roba, sun fi dacewa da farko. Amma sitika ma iri-iri ce. Ta takarda tana jiƙewa ta saɓule a jikin kofin roba na shayi mai ƙanƙara ko zoɓo, saboda raɓar da ke taruwa a bayan kofin. A nan sai ta roba. Ita kuma takardar da injin rasit ke bugawa da zafi take aiki, in aka manna ta a kofin shayi mai zafi sai ta yi baƙi, sunan mai odar ya ɓace.

Ga shagon da zai sayar da ganyen shayi ko haɗin kayan ƙamshi a tafi da shi gida, abokan gaba huɗu ne: haske, danshi, iska da warin maƙwabta. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, ko na sabulu ko na kananzir. Jaka mai tagar leda tana nuna kaya, amma ta nan haske ke shiga ya kashe launin koren shayi da na na'a-na'a. Jaka mai shimfiɗar aluminiyam a ciki, mai zif, wadda aka liƙe bakinta da injin zafi sama da zif ɗin, ita ce ke kai kaya ƙarshen damina lafiya. A auna jakar da ainihin kayan, domin giram 100 na busasshiyar na'a-na'a ya fi giram 100 na dakakkiyar citta cin wuri nesa ba kusa ba. In ganyen na tsaunin Mambila ne a jihar Taraba, inda ake noman shayi a Najeriya, a rubuta hakan a gaba da manyan haruffa, don abin alfahari ne, amma sai in gaskiya ne. Bayan jakar kuma a ware fili tun wurin zane don jerin kayan haɗi, nauyi, lambar zubin da aka haɗa (batch), ranar haɗawa, ranar lalacewa, adireshi da lambar NAFDAC. Waɗanda suka manta da wannan filin su ne ke dawowa su manna farar sitika a kan zanen da suka biya.

Lambar QR ta jerin abin sha kada ta gaza santimita 2 kowane gefe, baƙa a kan fari, kuma ta fi karantuwa a kan tebur ko jaka fiye da jikin kofi mai lanƙwasa. Tambarin ma ya zama yana da ƙaramin siffa, buta kaɗai ko harafi ɗaya, wanda zai zauna cikin da'irar hoton WhatsApp ba tare da an yanke masa gefe ba. Ga odar da mai babur zai kai, a cika kofi a bar kamar yatsa ɗaya daga baki, a toshe hujin sha da ƙaramar sitika, a sa kofunan cikin mariƙin kwali, kuma gindin jakar ya kasance mai faɗin da mariƙin zai zauna daram, in ba haka ba ramin farko a titi zai kifar da su.