Bakin Gimbiya

Talata, da dare.

Yau Gimbiya, aku mai ruwan toka da nake kiwo, ta cinye gefen ƙofar ɗaki. Na buɗe mata keji da safe kamar kullum, na shiga wanka, ko minti 20 ban yi ba na fito na tarar da ɓarɓashin katako zube a ƙasa kamar kafinta ya kwana yana aiki. Ita kuwa tana can saman ƙofar, ta karkace kai tana leƙena da ido ɗaya, ta ce "Sannu da aiki" da muryar Auta sak. Dariya ta hana ni faɗa.

Abban Auta dai bai ga abin dariya ba. Sai ga shi da abin yankan farce a hannu.

"Riƙe min ita in rage tsinin nan."

"Haba Abban Auta, wallahi ba za ka taɓa mata baki ba."

"Ba ke kika ce da bakinta da farce duk abu ɗaya ba ne?"

Ni na faɗa, amma rabin maganar ya riƙe ya yar da rabi. Ɓawon waje ne kawai yake irin na farce, shi ne wanda ake kira keratin, kuma ba ya daina tsiro muddin aku tana raye. Daga ciki ƙashi ne, da jini, da jijiyoyi masu ji sosai, musamman wajen tsinin. Da shi take taɓa abu ta gane taushinsa, da shi take kama sanda ta hau, ƙafarta ta uku ke nan. A datse shi da ƙarfe ya tsage, jini ya ɓalle, ta yi kwana da kwanaki ba ta iya cin abinci. Likitan dabbobi ma ba datsewa yake yi ba, da ɗan injin gurza yake goge shi kaɗan-kaɗan.

"To mu zuba ido ta cinye gidan?"

Na ce masa gaigayar nan ita ce ke rage mata bakin. 'Yan uwanta na daji wuni suke suna ɓare ɓawon itace suna fasa ƙwallo, bakin yana cinyewa da kansa. In ba mu ba ta katakon da za ta lalata ba, ita za ta zaɓa, kuma yau ƙofa ta zaɓa. Ya ajiye abin a kan tebur, ya ce, "Ke da 'yarki," ya fita. Na bi shi da kallo ina jin kaina, wai ni mai ilimin aku.

Wajen shara ne jikina ya fara sanyi. A cikin ɓarɓashin akwai fenti, kuma ƙofar tsohuwa ce. Tsohon fenti yakan zo da dalma, ita da tutiyar da ake shafa wa wayar ƙarfe kuwa guba ce ga tsuntsu. Na ɗora Gimbiya a hannu na kai ta bakin taga, na ƙura wa bakin ido. Rabon da in dube shi haka har na manta. Na sama ya yi tsawo, ya lanƙwaso fiye da yadda na san shi, gefe guda yana saɓa. Na nemo hotonta na bara a waya na haɗa. Ba idona ba ne, ya ƙaru.

Na kira Likita. Na zaci zancen ƙofar zai tsaya a kai, sai ya ce, "Hajiya, me take ci?"

Na fara da karas da ganye, sai na ji kunyar kaina na faɗi gaskiya: gyaɗa da irin sanfulawa, su ne yawanci. Sauran watsar da su take yi.

Ya ɗan yi shiru. Ya ce saɓar kaɗan ba komai ba ce, baki yakan zubar da tsohon ɓawo. Tsawon ne bai so ba, tunda ga shi tana gaigaya amma bai ragu ba. Sau da yawa irin wannan daga hanta yake tasowa, kitse ya taru mata saboda abinci mai maiƙo, ga kuma ƙarancin bitamin A a irin abincin nan. Ya tambaya ko bakin yana da ƙura fara-fara ko sheƙi yake yi. Aku mai ruwan toka gashinta yana fitar da wata hoda da takan dusashe bakin, in ya koma baƙi wuluk yana ƙyalli, gashi kuma yana zuba, sai a fara zargin cutar baki da gashi, wadda ƙwayar bairas ke kawowa. Na shafa da yatsa, ya fito da fari. Alhamdulillahi. Ya ce in kawo ta jibi a ɗebi jini, amma in ta yi amai ko ta yi laushi ko kashinta ya canja, kada in jira jibin.

Ni ce fa mai ba ta gyaɗar. In baƙi sun zo ina so ta yi magana, gyaɗa. In ta dame ni da ihu ina waya, gyaɗa. Shekara 7 ina sayen shirunta da ita. Tsuntsuwar da irinta kan kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane. Da safe kuma ni ce na tsaya ina yi wa wani lacca.

Umma ta kira, ban ma kawo mata zancen ba. Auta ya ɓatar da littafin lissafinsa, an same shi a ƙarƙashin kujera.

Da yamma na rataya mata guntun katako ɗanye wanda ba fenti ba magani, da kwali mara tawada. Ta ja baya tana gurnani kamar na kawo mata maciji. Karas ɗin da na yanka ta ɗauka, ta juya shi a ƙafa, ta sake shi ƙasa tana kallona.

Kullum in za ta yi barci takan goga bakin ƙasa da na sama, ƙurus-ƙurus, alamar hankalinta a kwance yake. Da can ƙarar har haushi take ba ni. Yau na kashe fitila na zauna kusa da kejin ina jira, sai wajen ƙarfe 10 ta fara. Abban Auta ya leƙo ya ce me nake yi a duhu, na ce ba komai. Ban gaya masa zancen hantar ba tukuna.