Abin da aikin rumbun makamai ya koya mini

Yaron da ya fito daga Defot ɗin Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, da sabon kaki, hankalinsa yana kan bindiga da fagen daga. Da wuya ka ji wanda ya ce burinsa a tura shi sito ya riƙa ƙirga akwatuna. Amma akwai sojojin da aikinsu ke nan: karɓar harsasai, ajiye su, duba lafiyarsu, raba wa dakaru, da lalata waɗanda suka tsufa. A cikinsu na yi yawancin shekarun aikina, mafi tsawo a nan Bauchi, garin da ya saba da manyan makamai, tunda Birged ta 33 ta igwa tana barikin Shadawanka, ga kuma makarantar tankokin yaƙi.

Babban abin da ya zauna mini shi ne harsashi yana tsufa. Mutane gani suke ƙarfe ne kawai, ko shekara nawa ya yi yana nan yadda aka ƙera shi. Albarushin da ke ciki kuwa haɗin sinadarai ne, kuma tun a masana'anta ake zuba masa wani sinadari da ke hana shi lalacewa. Zafi yana cinye wannan sinadarin sannu a hankali. Ranar da ya ƙare, albarushin yana iya ɗumama ya kama wuta da kansa, babu wanda ya taɓa shi. Duk wanda ya san ranar Bauchi a watan Maris da Afrilu, lokacin da kwanon rufi ba ya taɓuwa, zai gane dalilin da ya sa ake rataye ma'aunin zafi a cikin sito, ana karantawa ana rubutawa kullum.

Damina ma da nata aikin. Laima tana kawo tsatsa, don haka akwati ba ya zama a ƙasa sai a kan katako, ba a kuma manna shi da bango, ana barin hanyar iska. Ana duba ƙarfen kare tsawa kafin ruwan farko. Da hunturu kuma ciyawa ce abokiyar gaba. Na ga kurata suna gunaguni wai sun shigo soja an mayar da su masu sassabe, alhali wannan fili da ake sharewa kewaye da sito shi ne ke tare gobarar daji idan mafarauta suka cinna wa jeji wuta.

Sai rajista. Kowane rukunin harsasai yana da lambarsa daga masana'anta, ko na waje ne ko na DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Idan harsashi ya ƙi tashi a filin atisaye, da wannan lambar ake bin sawun 'yan'uwansa a dakatar da su duk inda suke. Na tsohon rukuni ake fara fitarwa kafin sabo. Abubuwan da ke tayar da bam ba sa kwana ɗaki ɗaya da bam ɗin. A ganina ma'ajin da rubutunsa ba shi da tsabta ya fi wanda bai iya harbi ba haɗari, domin dakarun da ke daji da abin da ya rubuta suke rayuwa.

Wani Samanja da na yi aiki a ƙarƙashinsa shi ya fi kowa nuna mini illar sabo. Yana da wani ƙaramin akwatin katako a bakin ƙofa, a ciki ake zuba ashana, sigari, laita da wayar hannu. Wata rana wani hafsa ya zo duba kaya yana sauri, Samanja ya ƙame ya sara masa, sannan ya miƙa akwatin ya ce, "Yallaɓai, wayar tukuna." Hafsan ya ajiye. Da suka tafi ya juyo gare ni ya ce, "Kofur, sabon zuwa ba ya ba ni tsoro, shi a tsorace yake ɗaukar akwati. Wanda ya shekara goma a nan nake sa wa ido, shi ne zai ja akwati a ƙasa ko ya zauna a kai."

Duk wanda ke wannan aiki ya san ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ya tashi. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu mata da yara, kuma akasarinsu ba fashewar ce ta kashe su ba, a guje suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse. Irin haka ta faru a Barazabil ta Kwango a 2012, da garin Bata na Ikwatoriyal Gini a 2021. Abin da ya haɗa su shi ne gidajen jama'a sun kewaye rumbun. Bariki yakan fara ne a bayan gari, sai gari ya girma ya cim masa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana yanka filaye ana sayarwa daf da katangar soja. Tazarar da ake bari ba son cinye fili ba ne, lissafi ne na inda ɓarɓashi zai kai.

Tun da na yi ritaya, inda na fi amfani da abin da na sani shi ne wajen 'yan gwangwan ɗin unguwarmu. Bayan shekarun rikicin Arewa maso Gabas, ana tsintar harsasan igwa da gurneti a gonaki da jeji, wasu kuma suna biyo lodin tsofaffin ƙarafa. Nakan gaya musu cewa wanda aka harba bai tashi ba ya fi na cikin akwati sharri, tsatsar da ke jikinsa kuma ba alamar ya mutu ba ce. Kada a ɗaga, kada a buga da guduma, kada a sa a wuta don a raba tagulla. A sa alama daga nesa, a janye yara, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda ko barikin da ya fi kusa.