Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Daga Barbara zuwa Dukushi

Makon jiya mun tsaya a kan gina barga da kafa turaku a bayan garin Tawa. Yau maganar goɗiya ce, domin gidan kiwon dawakin sukuwa a kanta yake tsaye. Mutane kan zuba dukiya wajen ingarma, su sayi goɗiya ta arha, abin yana ci mini rai. A duba ƙafafunta tukuna: su miƙe sarai, kofato babu tsaga, ƙirji da faɗi. Kada a kai ta ga namiji sai ta cika shekara 3, in an haƙura zuwa 4 ma ya fi.

Goɗiya na neman namiji kusan duk bayan kwana 21, abin yakan ɗauke ta kwana 5 zuwa 7. Za ka ga tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsayawa cik in ingarma ya matso. Ƙwan yana sauka ne daf da ƙarshen kwanakin, shi ya sa ake fara barbara a rana ta uku, ana tsallake rana guda, har sai ta soma harbi.

Cikin wata 11 ne, wajen kwana 340, kuma a nan lissafin yake. In aka yi barbara a Agusta, za ta haihu a Yuli, ɗanyar ciyawa ta fito, nono ya wadata. Wanda ya bari ta haihu a Afrilu, lokacin da zafin Adar, wato yankin Tawa, ke haura digiri 40, harawa ta yi tsada, zai ga uwa ta rame, ɗa ya tsumbure.

A watanni ukun ƙarshe ɗan ya fi girma, sai a ƙara mata gero da dusa, kilo 2 zuwa 3 a yini, a raba gida uku. Hatsi mai yawa a zama ɗaya shi ke kawo ciwon ciki da zafin kofato. Ruwa kuwa, mai shayarwa kan sha fiye da lita 50 a bazara.

Haihuwa galibi cikin dare take zuwa. Hantsa ta cika, kan nono ya yi wani danƙo kamar kakin zuma, to a bar fitila kusa. Da zarar faya ta fashe, ƙafafun gaba biyu ne za su leƙo, ɗaya gaban ɗaya, hanci a kansu. Minti 30 ya wuce ba ci gaba, a kira likitan dabbobi, kada a tsaya ja da igiya. Cibiya a bar ta ta tsinke da kanta, a tsoma ta a ayodin saboda tetanus, ciwon sandarewar jiki.

Dukushi ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin biyu. Dakashin nan, wato nonon farko, shi ne garkuwarsa, kuma bayan kwana guda hanjinsa ba ya ƙara karɓar kariyar da ke ciki. Mabiyiya ta faɗo kafin awa uku. Kada a fizge ta. A ɗaure ta sama don kada uwar ta taka, in ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa a ga ko wani yanki ya saura a ciki, domin guntun da ya rage kan kashe goɗiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar yaye a wata na shida da sa wa dukushi ragama.