Burodin mai shayi da zoɓon Zumuntar Mata

A shekarata ta uku a makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura ni aikin gwaji wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Majami'ar ginin ƙasa ce da rufin kwano, benci bakwai, yawancin masu zuwa kuma jikokin Maguzawa ne kamar ni. Ba a naɗa ni fasto ba, don haka ba ni da ikon ba da Jibin Ubangiji, wato ibadar da Kiristoci ke cin gurasa su sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Fasto ne yake zuwa a kan babur sau ɗaya a wata uku. Nawa shi ne shiri: in sayo burodi, in yayyanka shi ƙanana kamar kan yatsa, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, su dafa zoɓo su tace a madadin ruwan inabi, tunda a ikilisiyarmu ta ECWA ba ma kusantar abin da ke sa maye.

Wata Asabar da yamma ina teburin mai shayi ina jiran burodin, sai wani saurayi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Malam, gobe ne za ku ci naman Annabi Isa ku sha jininsa? Ashe mayu muke zaune da su!" Aka fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na mayar masa da maganar da bai kamata ta fito daga bakin mai bishara ba. A ƙauye ba a wasa da kalmar maita, ta raba aure, ta kori tsofaffi daga gidajensu. Amma da dare ya yi na natsu, sai na gane rabin fushin nan na rashin amsa ne. Shekara uku ina karatu, ga shi ban iya bayyana wa maƙwabci abin da ke cikin ƙaramin kofin nan ba.

Na koma kan littattafaina na tarihin ikilisiya, sai na tarar zargin ya tsufa ƙwarai. A daular Rum an yi ta yaɗa cewa Kiristoci suna cin naman mutane a ɓoye. Wajen shekara ta 112 gwamnan Bitiniya, Filini, ya binciki taronsu, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa abincin da suke ci na yau da kullum ne, marar cutarwa. Wajen 177 wani marubuci Kirista, Atenagoras, ya rubuta wa sarakunan Rum yana kare Kiristoci daga wannan zargi. Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana cikin Linjilar Yahaya sura 6. Da Yesu ya yi maganar cin jikinsa da shan jininsa a majami'ar Kafarnahum, almajiransa da yawa suka ce maganar ta yi nauyi, suka daina binsa. In waɗanda suka ji daga bakinsa sun girgiza, me zai sa in yi mamakin yaron da ya tsinci maganar a bakin kasuwa?

Da farko na so in kuɓutar da kaina in ce ai 'yan Katolika ne ke faɗin haka. Gaskiya ne akwai bambanci. Su sun gaskata ainihin gurasar da ruwan inabin yana zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kamanni da ɗanɗano ba sa sakewa, kuma babban taron shugabannin ikilisiyarsu na Lateran na 1215 ya tabbatar da wannan koyarwa. A 1529 Luta da Zwingli, jagororin da suka rabu da Katolika, sun zauna a garin Marbug sun tashi ba su daidaita a kan wannan batu ba. Mu muna ɗaukarsa tuni ne da mutuwar Yesu, kamar yadda manzo Bulus ya koyar a 1 Korantiyawa 11. Sai dai nuna ɗan'uwa da yatsa don a ƙyale ni ba amsa ba ce, kuma ban yi ba.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne a ikilisiyar, bai taɓa shiga aji ba. Da ƙuruciyarsa shi ke riƙe wa mahaifinsa akuya idan za a yi wa iskoki yanka kafin damina. Na same shi yana gyara ƙotar fartanya, na ce, "Baba, ku da kuka ga yanka da idonku, yaya kuke jin jibin nan da babu jini?" Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ɗana, can mu muke kaiwa. Bana akuya, baɗi akuya, in yaro ya kwanta a ƙara zakara, bashin ba ya ƙarewa. Nan kuwa hannu kawai nake miƙawa a sa mini." Ibraniyawa sura 10 ke nan, hadayu da ake maimaitawa kowace shekara da hadaya ɗaya da aka miƙa sau ɗaya tak. Na rubuta jarrabawa a kan surar, amma a gindin rumbun tsohon nan na ji ta.

Suka mafi ƙarfi kuwa cikin ladabi ta zo. Limamin unguwar ya aiko mini da naman layya ranar Babbar Sallah, na je godiya, hira ta ja mu. Ya ce, "Malam, bar zancen yara. Tambayata ita ce adalci. Ta yaya mai laifi zai tafi, marar laifi ya mutu? Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani." Na ce, "Allah gafarta Malam, Ezekiyel 18 ma ta faɗi makamancin haka." Na bayyana masa cewa a bangaskiyarmu ba wani na gefe aka kamo aka ɗora wa laifi ba. Allah ne da kansa cikin Almasihu ya ɗauki asarar, kamar mai bin bashi da ya yafe, kuɗin suka fita daga aljihunsa, kuma Yesu ya ce da yardarsa yake ba da ransa. Liman ya girgiza kai, ya ce daidai nan muka rabu, domin a wurinsu Isa annabi ne, kuma Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Muka taɓo ragon da aka fanshi ɗan Ibrahim da shi, ni ina cewa Ishaku, shi yana cewa Isma'ila. Ladan ya kira la'asar, ya miƙe, ya ce in gaida mutanen gida.

Bayan wata uku na sake komawa sayen burodi. Saurayin yana nan a kan benci. Na yi masa sallama, na ba shi haƙuri kan abin da na faɗa masa, sannan na buɗe ledar na nuna masa. Na ce wannan ne, da zoɓo, muna ci muna tuna wanda muka gaskata ya mutu dominmu. Ya dubi burodin, ya dube ni, ya matsa ya ba ni wurin zama.