Ranar da na shiga lakca da kwali da almakashi

Shekara huɗu ina koya wa 'yan aji biyu tsarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, kuma kullum abu ɗaya ke damuna. Ka tambaye su wa ke haɗuwa da wa a cikin tubalansa huɗu da ake kira da haruffan A, T, G da C, aji gaba ɗaya zai amsa kamar karatun allo, A da T, G da C. To ka ce me ya sa, sai kowa ya sunkuyar da kai. Hadda ce kawai, ana gama jarrabawa ta bi iska, ni kuma wallahi abin na cin raina don na san ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, yadda nake koyarwar ne.

Samistan da ya wuce sai na tuna shi kansa James Watson, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano tsarin DNA, a Kambirij a 1953 kwali ya yanka yana jujjuyawa a tebur kafin ya ga yadda abin ke shiga juna. Na samo kwalayen taliya, na kwana biyu ina yanka, A da G manya tunda zobe biyu gare su a tsarin sinadarinsu, T da C ƙanana masu zobe ɗaya, na yi wa A da T ƙugiya bibbiyu, G da C uku-uku, daidai da haɗin haidurojin ɗinsu, wato abin da ke riƙe su da juna. Na raba su rukuni-rukuni na ce a gina min tsani, sharaɗi ɗaya ne, faɗinsa kar ya canja daga sama har ƙasa.

Minti goma na farko hayaniya ce zalla, wasu sun haɗa A da G tsani ya kumbura, wasu T da C ya tsuke, can sai wata ɗaliba daga baya ta ɗaga murya ta ce Malam ai dole babba ya riƙe ƙarami in ba haka ba ba zai miƙe ba. Wannan maganar ta fi min duk handaut ɗin da na taɓa rabawa. A nan ne na kawo Erwin Chargaff da ya gano yawan A kusan daidai yake da na T, na G kuma da na C, sai ka ga ana gyaɗa kai don sun riga sun gani da hannunsu.

Inda na sha wuya shi ne alkiblar zaren biyu, wato gefen tsanin guda biyu, ɗaya daga ƙarshen da ake kira 5' zuwa wanda ake kira 3' ɗayan kuma akasin haka. Zane a allo bai yi ba sam. Sai da na ce ku tuna yara biyu a tabarma ɗaya, kan wannan na wajen ƙafar wancan, sannan ta zauna. Kuskurena ɗaya, ban ja kunnensu kan murɗawa ba, rukuni uku suka murɗa tsaninsu hagu alhali DNA ɗin da muka saba da shi dama yake murɗawa, wajen matakala goma a kowane zagaye, faɗinsa nanomita 2 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Yanzu kusoshi masu zare nake ba su su riƙe su kalli yadda zaren ke hawa.

Ban tsallake Rosalind Franklin ba, hoto na 51 da aka ɗauka a ɗakin bincikenta a Landan a 1952 shi ya nuna murɗin ƙarara, ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel kuma ta zo a 1962 ga Watson da abokin aikinsa Francis Crick da kuma Maurice Wilkins, saboda aikinsu kan tsarin DNA.

Saura minti biyar na zare A ɗaya daga jerin haruffa uku GAG na sa T ya koma GTG, na ce canjin wannan harafi ɗaya a ƙwayar gadon jini shi ne sikila. Ajin ya yi tsit. Bayan an tashi wani ya tsaya a bakin ƙofa da kwalin a hannunsa, ya ce Malam ƙanwata SS ce, don Allah in tafi da shi in nuna wa Umma.